Mai Zuwa Zanzibar Ya Bar Gwal A Gida

A 'yan shekarun nan wata sabuwar al'ada ta shigo wa masu hali na ƙasar nan, watau zuwa hutu ko cin amarci a tsibirin Zanzibar. A da, in an ce wane ya tafi ƙasashen waje, to, ko dai Makka ya nufa, ko Ingila karatu, ko Dubai saro kaya. Yanzu kuwa sai ka ji ango da amarya sun tashi daga Ikko ko Abuja ko Kano, sun yada zango a Adis Ababa ko Nairobi, sa'an nan sun sauka a filin jirgin sama na Abeid Amani Karume. Wannan ba laifi ba ne, domin wanda Allah Ya hore wa, ya kamata ya ga duniya. Abin takaicin shi ne yadda wasu ke dawowa ba waya, ba alabe, wani ma ba fasfo, su cika gari da zagin mutanen tsibirin, alhali kuwa in an bi diddigi za a tarar rabin laifin a wuyansu yake.

Wurin da ake kira Zanzibar tsibirai ne a Tekun Indiya, manyansu biyu, Unguja da Pemba, kuma Unguja ne baƙi suka fi zuwa. Tsawonsa kamar kilomita 85 ne. Tun shekarar 1964 suka haɗe da Tanganyika aka sami ƙasar Tanzaniya, amma har yanzu suna da shugabansu da majalisarsu. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanensu sun kusa miliyan biyu. Da kanumfari aka san su tun zamanin Sayyid Sa'id, sarkin Oman da ya mai da fadarsa can wajen 1840, amma a yau baƙi ne babbar gonarsu: a shekarar 2023 kaɗai fiye da mutum dubu 600 suka shiga daga ƙasashen waje. To, a nan ne gizo ke saƙar. Akwai otal ɗin da kuɗin kwana ɗaya a cikinsa ya fi albashin wata na yaron da ke share ɗakin. Duk inda aka haɗa mai ƙoshi da mai yunwa a fili ɗaya haka, ko a wace nahiya ce, lalle a sami wanda zuciyarsa za ta raya masa abin da bai dace ba.

Bature yakan sauka a tsibirin da tsoronsa, domin littattafan jagora sun riga sun gargaɗe shi. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mutumin ƙasar nan, musamman ɗan Arewa, saboda da ya sauka sai ya ji kamar gida ya zo. Kusan dukkan mutanen wurin Musulmi ne. Zai ji kiran salla ta ko'ina, ya ga dattawa da doguwar riga da hula suna zaune a kan dakali suna shan gahawa, mata sun yi lulluɓi, yara na dawowa daga makarantar allo. Ya yi sallama a amsa masa, ya ce alhamdu lillahi a gane. Nan take sai ya saki jiki, ya manta cewa a Kantin Kwari ma ana kiran salla, kuma wannan bai taɓa hana ɗan sane aikinsa ba. Mutumin da ba zai yarda ya ratsa Oshodi da waya a aljihun baya ba, sai ga shi a kasuwar Darajani ya rataya jaka a buɗe yana ɗaukar hoton kifi.

Gaskiyar magana, mutanen Zanzibar masu karamci ne, kuma galibin baƙi sukan je su dawo ko allura ba su rasa ba. Ba a ce mugun abu bai taɓa faruwa ba. A watan Agusta na 2013 wasu mutane a kan babur sun watsa wa 'yan mata biyu 'yan Ingila ruwan asid a tsakiyar birnin, kuma labarin ya zaga duniya. Amma irin wannan ba kasafai ba ne. Abin da ya fi yawa shi ne ƙaramar sata: yankan aljihu, fizgen waya, ɗauke jaka a bakin teku, da damfara da bakin zaƙi. Irin wannan kuwa dama take nema, kuma baƙon ne yake ba da damar da hannunsa.

Sau da yawa ma tun a gida ake fara yi wa matafiyi sata. Ɗan Nijeriya ba a ba shi bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun yana gida ya jira amsa, wadda takan ɗauki lokaci. Wannan jira shi ne kasuwar wasu dillalai da ke cewa sun san hanya, su karɓi kuɗi da fasfo, su haɗa wa mutum takardar masauki ta bogi. Har wa yau, tun ranar 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorarta, dala 44 a kan babban mutum. Ya kamata matafiyi ya sayi wannan da kansa a shafin hukuma, ya buga takardar ya riƙe, haka nan katin allurar shawara, wanda akan tambayi wanda ya fito daga ƙasashe irin Nijeriya. Wanda ya isa ba takarda cikakkiya, shi ne yake faɗawa hannun mai cewa "kawo wani abu a gyara maka".

Sa'an nan sai maganar gwal, wadda ita ce ta fi ciwo. Amarya ta fito daga biki da sarƙa da 'yan kunne da awarwaro na lefe, wasu ma na gado ne daga uwa ko kaka, sai a ce dole a tafi da su domin hoto. Ango kuma ya ɗaura agogon da ya kai kuɗin mota, ya riƙe waya biyu, ɗaya a kowane hannu. Wa ake son burgewa? Masuncin Nungwi ba shi da kuɗin sayen irin wannan agogo, amma akwai wanda ya san inda zai sayar da shi. Kuma gwal ba ya da lamba kamar waya, da an narkar da shi magana ta ƙare. Babu wani hoto da ya kai darajar sarƙar kaka. Hankali shi ne a bar gwal a gida ƙarƙashin kulawar wanda aka amince da shi, a tafi da na gwanjo, domin a cikin hoto babu mai bambance su. Tsuntsun da ya ja ruwa, ai shi ruwa kan doka.

Kuɗi ma haka. Kuɗin ƙasar sule ne, sunan da dattawan da suka riski zamanin fam da sule da kwabo ba za su manta ba, kuma takarda mafi girma ita ce ta sule 10,000, wadda ba ta kai dala biyar ba. Ma'ana, wanda ya canza dala 200 a lokaci ɗaya zai fito da damin da aljihu ba ya ɓoyewa. Ya fi kyau a riƙa canzawa kaɗan-kaɗan a banki ko shagon canji mai lasisi, a ƙirga a ciki kafin a fito, a kuma guji mai tare mutum a lungu da farashin da ya fi na kowa, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. Fataken da suka yi safarar goro zuwa Gwanja sun san sirrin lalita: babban kuɗi a ɗaure a ƙugu ƙarƙashin riga, na kashewa a aljihun gaba. Wannan dabara ba ta tsufa ba. Na'urorin cirar kuɗi sun fi yawa a birni, a ƙauyukan bakin teku kuwa ba su da yawa, saboda haka sai a yi lissafi tun kafin a bar gari, a kuma ciri kuɗi da rana a wadda ke jikin banki.

Wanda ya biyo ta Dar es Salaam domin ya hau jirgin ruwa, tafiyar kamar awa biyu, to, ya sani tashar nan ita ce jarrabawarsa ta farko. Kafin ya fito daga mota za a kewaye shi. Wani zai ce ofishin tikiti ya tashi, wani ya ce jirgi ya cika amma shi yana da saura, wani kuma ya suri akwati ya yi gaba ba tare da an sa shi ba. Maganin duk wannan ɗaya ne: a sayi tikiti a ainihin ofishin kamfanin jirgin, a yi ciniki da ɗan dako kafin ya taɓa kaya, jakar fasfo da kuɗi kuwa kada ta bar jikin mai ita. A birnin Dar ɗin ne kuma gwamnatocin ƙasashen waje suka daɗe suna gargaɗin mutanensu game da tasi marasa rajista, inda akan ɗauki baƙo a zaga da shi na'urorin banki a tilasta masa cire kuɗi. Motar da masauki ya aiko ta fi tsada kaɗan, amma an san direbanta.

A cikin tsohon birnin Zanzibar, wanda mutanen wurin ke kira Mji Mkongwe kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a shekarar 2000, lunguna ne sirara waɗanda mota ba ta shiga, sai keke da babur. Wanda ya san cikin birnin Kano ko Zariya zai gane tsarin, amma ɓata dole ne a rana ta farko. A nan ne baƙo zai gamu da samarin da ake kira papasi, kalmar da ke nufin kaska a harshen Suwahili, kuma sunan ya dace da aikinsu, domin in sun manne ba sa sakewa. Yawancinsu ba ɓarayi ba ne, 'yan kamasho ne masu neman na tuwo: su kai ka shagon kayan tsaraba, ko su haɗa ka da mai kwale-kwale, a ƙara nasu a kan farashi. Amma a cikinsu akwai mai karɓar kuɗin yawon gobe ya ɓace, da mai tallan abin da doka ta hana, wanda in baƙo ya kuskura ya saya ya jefa kansa cikin abin da ya fi sata muni. Ba a korarsu da zagi ko tsawa. "Hapana, asante", watau a'a, na gode, tare da ci gaba da tafiya, ya isa. Wanda ya ɓata hanya ya tambayi mai shago ko dattijon da ke zaune a dakali, in ma ya gaishe shi da "shikamoo" zai ji an amsa da "marahaba" cikin fara'a, a kuma nuna masa hanya ba ko kwabo.

Da magariba kowa yakan nufi lambun Forodhani a bakin teku, inda ake gasa kifi da nama ana matse ruwan rake. Wuri ne mai daɗi, amma cunkoso da duhu da hannu biyu cike da abinci, ai ranar ɗan sane ce. A tambayi farashi kafin a ci.

Akwai wata shawara da za ta yi wa wasu bambaraƙwai. Mata sukan saƙala jaka a wuya ta ratsa ƙirji domin kada a fizge. A cikin cunkoson kasuwa wannan daidai ne, amma a gefen titin da babura da motoci ke gudu haɗari ne, domin in mai fizge ya kama igiyar kuma ba ta tsinke ba, mai jakar zai ja a ƙasa. An sami waɗanda suka ji mummunan rauni ta haka a Tanzaniya. A gefen titi gara a riƙe jakar a ɓangaren da ke nesa da motoci, a yadda in an ja za ta tafi ita kaɗai, kuma kada a sa a cikinta abin da ba za a iya jure rashinsa ba.

Bakin teku shi ne inda ɗan tudu ya fi nuna baƙunta. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, ruwa yakan janye sau biyu a yini ya bar fili mai nisan gaske, inda matan ƙauye ke noman ciyawar teku. Baƙo zai ajiye jaka da waya da takalmi a kan rairayi, ya bi ruwa yana murna har ya zama ɗan ɗigo, ya dawo ya tarar da wayam. Ba wanda ya tare shi, ba wanda ya zare masa ido, shi ne ya ajiye kaya ya tafi. Ban da haka, ruwan da ya janye a hankali yakan dawo da sauri fiye da yadda wanda bai iya iyo ba yake zato, kuma a ƙarƙashinsa akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya wadda ke huda ƙafar da ba takalmi. Kowane masauki ya san lokacin janyewar ruwa da dawowarsa, tambaya kawai ake yi. A arewa kuma, tsakanin Nungwi da Kendwa, ana iya takawa ta bakin teku in ruwa ya janye, kuma da rana ba komai. Da dare, musamman bayan shagulgulan da akan yi a Kendwa lokacin da wata ya cika, wuraren da ba fitila ba na masoya biyu ba ne, komai kyan farin wata.

Hawan kwale-kwale zuwa tsibirin Changuu ganin manyan kunkuru, ko fita kallon faɗuwar rana a jirgin filafilai, yana cikin daɗin tafiyar, amma a nan rai ake magana, ba dukiya ba. Mutanen Zanzibar ba su manta da daren 10 ga Satumba 2011 ba, sa'ad da jirgin Spice Islander, wanda aka yi wa lodi fiye da kima, ya nutse tsakanin Unguja da Pemba da ɗaruruwan mutane, sa'an nan a watan Yuli na 2012 jirgin Skagit ya kife a hanyarsa daga Dar es Salaam, aka rasa fiye da mutum 100. Wanda ya ga an cika kwale-kwale, ko ya nemi rigar da ke hana nutsewa aka ce babu, ya sauka ko da ya riga ya biya. Mutanen Yawuri da na Neja sun san abin da lodi ke jawowa a kan ruwa.

Ɗakin kwana ma ba a sakankance da shi. Yawancin masaukan bakin teku ƙananan ɗakuna ne a warwatse cikin lambu, masu rufin ganyen kwakwa da tagogin da iska ke shiga, kuma inda iska ta shiga hannu ma yana iya shiga. A shekarar 2022 wata 'yar Nijeriya ta fito fili ta ce wani ya shigo mata ɗaki cikin dare a wani otal na Nungwi a shekarar da ta gabata, maganar ta yi zafi har hukumomin tsibirin suka ce za su bincika. Ko me binciken ya haifar, darasin ya isa ga duk macen da za ta kwana ita kaɗai: ta duba sakata da tagogi tun da rana, ta nemi ɗakin da ke kusa da jama'a, ta san lambar da za ta kira, kuma wani a gida ya san sunan masaukinta. In ɗakin yana da akwatin ƙarfe, fasfo da babban kuɗi su zauna ciki, a fita da hoton fasfon. In kuwa a ofishin masauki za a ba da ajiya, a ƙirga a gaban mai karɓa a karɓi rasit. Wannan ba zargi ba ne, kariya ce ga mai ajiya da mai karɓa baki ɗaya, domin sau nawa ake ɗora wa yaron otal laifin kuɗin da mai shi ya kashe ya manta?

To, in duk da haka ƙaddara ta faɗa fa? Na farko, in an tare mutum da wuƙa ko adda, ya miƙa abin da aka nema. Jarumtar da za a yi a kan waya ba ta da lada, kuma manyan asibitoci suna birni, nesa da ƙauyukan bakin teku. Na biyu ya fi nauyi, kuma shi ne abin da masu ba da shawara suka fi mantawa. A gabashin Afirka, kamar yadda yake a kasuwannin ƙasar nan, ihun ɓarawo yana iya zama hukuncin kisa. Kalmar ita ce "mwizi". Baƙo yana iya furta ta cikin fushi, jama'a su taru a kan wani yaro da duwatsu da sanduna, kafin 'yan sanda su iso an gama. Wata ƙila ma ba shi ne ya ɗauka ba, domin baƙon da ya kwana biyu a gari bai isa ya rantse a kan fuskar da ya gani cikin daƙiƙa ɗaya a lungu mai duhu ba. Mai waya zai sayi wata kafin sati ya zagayo, amma zai koma gida da alhakin rai, kuma uwar yaron tana nan a tsibirin. Duk wanda ya taɓa ganin an rataya wa mutum taya a Ikko ko Anacha ya san ba abin da za a so a zama sanadinsa ba ne.

Abin da ya kamata shi ne a toshe katin banki da layin waya nan da nan, a je ofishin 'yan sanda mafi kusa tare da wani daga masauki wanda zai yi tafinta, a nemi rahoto a rubuce mai hatimi. Kada a sa rai kayan za su dawo, amma takardar tana da amfani, domin ba kamfanin inshorar da zai saurari mutum ba tare da ita ba. In fasfo ne ya tafi, to, aiki ya samu: ofishin jakadancin Nijeriya yana Dar es Salaam, sai an ƙetare teku, kuma a tashar jirgin ruwa ana duba takardun baƙi. Da rahoton 'yan sandan da hoton fasfon da aka ajiye daban ne mutum zai iya ƙetarawa ya nemi takardar tafiya ta gaggawa da za ta mai da shi gida. Wanda bai ajiye hoton ba, kuma bai haddace lambar wayar ko mutum ɗaya na gida ba saboda duk suna cikin wayar da aka sace, zai yi kwanaki yana zarya tsakanin ofisoshi, tikitin jirginsa na ƙonewa, kuɗin masauki na hawa.